Ginin da Ka Bari a Hagunka

Zuwa ga Hamad, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan ranar unguwarmu Misfala ta take, ruwan da ake miƙa wa mai azumi, kai da sunanka ya fi mini daɗin faɗa a kan nawa. Sallama daga wadda ka bari a Makka wata biyar ke nan.

Hotunanka suna zuwa, ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya idan na gama yi wa Hajiyoyi lalle. Na ga gonakin shinkafar Tailan, kore shar har ido ya gaji. Na ga ruwan saman Kambodiya ya jiƙa ka sharkaf, kana dariya, kekenka ya nutse a taɓo har rabin taya. Na ga tsofaffin ɗakunan bautar Angkor, inda saiwar bishiya ta rungume dutse ta ƙi saki. Ka rame, ka yi baƙi, gemunka ya zama abin da ya zama. Ban ce bai yi maka kyau ba. Wanda ya tashi a tsakanin duwatsun da ko ciyawa ba sa fitarwa, in ya ga kore haka dole ya rikice, ban ga laifinka ba.

Labarin Borobudur ne ya sa na ɗauki biro. Ka ce ka jingine keken, ka hau wannan tsohon gini na tsibirin Jawa, ka fara zagayawa kana kallon hotunan da aka sassaƙa a jikin dutse. Sai ka ga kowa yana tahowa ta gabanka, kafaɗa na bugun kafaɗa, har mai yi wa baƙi jagora ya tare ka cikin ladabi, ya nuna maka cewa a can a dama ake barin ginin. Kai kuwa a hagunka ka sa shi. Ka aiko mini da labarin don raha. Na yi dariyar, sannan abin ya tsaya mini a rai.

Na san ba ibada ka je yi ba, kallo ka je. Amma wa ya koya wa ƙafarka hagu? Shekara bakwai ka yi kana tura tsofaffin alhazai a keken guragu, Ɗakin Allah yana kafaɗarka ta hagu, safe da yamma. A nan na fara ganinka, ranar da gwiwar Innata ta ƙi ɗaukarta a zagaye na uku. Ka zaunar da ita, ka tura, ina biye da ku. Ka ƙarasa mata sauran kana ja mata addu'a tana amsawa, ko sau ɗaya ban ga ka duba gabanka ba, ba ka kuma taka kowa ba. A ranar na ce a raina, wannan ko an ɗaure masa ido ya san hanyarsa.

Yanzu ka ce saura tsibiri ɗaya, akwai wasu gine-ginen a Bali, sati uku kacal a kan keke. Ya habibi, haka ka ce a Kambodiya, haka ka ce a Malesiya. Ni ban san nisan Bali ba, amma na san kwanan wata. Bizarka ta fita da dawowa saura kwana goma sha biyu ta ƙare. A unguwar Ka'akiyya ta nan Makka aka haife ka, duk da haka da iƙama, takardar zaman baƙi, kake zaune, in ka wuce ranar nan ba wanda ya san yaushe ƙofa za ta sake buɗe maka, ko ma za ta buɗe. Ka fi ni sani, kai ka karanta mini takardar.

Ni kuwa ko iƙamar ba ni da ita. Inna ta zo aikin hajji ina goye a bayanta, ba mu koma ba. In na fita daga ƙasar nan na fita ke nan, kuma ba zan bar tsohuwar da ba ta iya hawa bene ita kaɗai ba. Tayarka ta taka ƙasa huɗu, ni daga Misfala zuwa Aziziyya ne iyakar duniyata, shi ma ina waige. Ba ƙorafi nake ba, yadda abin yake nake faɗa maka. In an rufe ka a waje, ba ni da hanyar zuwa inda kake.

Ba zan yi maka kuka a takarda ba, ka san ba halina ba ne. Ina son ka, ina kewarka, abinci ma ya daina yi mini daɗi. Na faɗa sau ɗaya, ya isa. Kawunka Bandar ya sake zuwa ya tabbatar wa Inna cewa ranar da aka sa mana bayan Babbar Sallah tana nan. Inna ta ce to, ta dube ni, na dubi ƙasa. Me zan ce mata? Cewa angon yana can yana gaida duwatsu? Duwatsun nan sun yi shekara dubu a zaune kafin ka zo, za su ƙara ɗaya ba tare da sun ji ba. Takardarka ce ba ta jira.

Ban ce ka rabu da keken ba. Kwance shi, ka sa a kwali, ka hau jirgin Jidda da shi. In kun iso ni zan wanke masa taɓon Kambodiya da hannuna.

In kuwa Bali ka zaɓa, ba zan faɗi mummuna a kanka ba, ba kuma zan saurari wani ba. Zan ci gaba da zana lalle a hannun amaren wasu, ina taka kamar yadda nake yau, sai dai daga nesa, har ƙarshen rayuwata. Ba barazana ba ce, na riga na san kaina ne.

Kar ma ka tambaye ni, Hamad, tambayi ƙafarka. Ranar da ka sakar mata zaɓi, can a ƙarshen duniya, gida ta nufa.

Taka, yau da bayan kwana goma sha biyun,
Mujahida