Maganar Turo Ladi Guangzhou

Duk wanda ya buɗe wannan wasiƙa don neman abin gulma a kan gidanmu, ya fara leƙa nasu gidan. Irin wannan magana ba ta rasa inda aka lulluɓe ta.

Zuwa ga ɗana Abba, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka a Kano.

Tun da ka yi min waya jiya na kasa zama. Na fita kasuwar Guangyuan nan Guangzhou neman riguna, na yi ta zaga shaguna, na dawo hannu rabbana. Ka ce Baffanka ya yanke a turo min Ladi ta riƙa dafa wa 'yan kasuwar da ke sauka a gidan nan, ba albashi, ci da sutura kawai, fasfonta kuma a jakata. Na tambaye ka ko an ji ta bakinta. Ka yi dariya, ka ce ai 'yar gida ce.

Ka san abin da wannan kalma take nufi a bakin Baffanka. Kakar Ladi sayo ta aka yi. Yau Ladi tana da 'ya'ya uku, amma duk Sallah ita ke wanke tukwanen gidan gado, sai kowa ya ƙoshi take ci.

A sakandare malamin tarihi ya ba mu labarin Amurka kafin yaƙin basasarsu. Ya ce da fari ba a kan 'yanta bayi suka yi rigima ba, a kan sababbin yankuna ne: a kai bauta can ko kada a kai. 'Yan majalisa suka yi ta ja-in-ja, a shata layi, a ba wannan ɓangare jiha, a ba wancan jiha, kowa ya ce an yi sulhu. Masu bayi sun san al'adar da ba ta samu sabon wuri ba mutuwa take yi. Ƙarshenta 'yan ƙasa ɗaya suka ɗauki bindiga.

To kai ma layi ka shata min da ka ce ta zo wata shida kawai a ga yadda za a yi.

Yanzu saboda wasannin Olamfik 'yan sanda suna tare baƙi a bakin tashar jirgin ƙasa suna neman fasfo. Macen da ba ta jin Sinanci, takardarta a hannun wata, ko ƙofa ba za ta leƙa ba. An ɗaure ta ke nan ba igiya.

Na ji Baffanka ya ce in na ƙi, ba zai ƙara haɗa kwantena da ni a tashar jiragen ruwa ta Huangpu ba. Ya sauke kayansa. Gidan gado ba ni da iko da shi, amma nan ni ke biyan haya.

Abba, lokacin da ka yi ƙyanda, a bayan Ladi ka warke. In ta sauke ka kuka kake yi. Je ka gidanta ka gaishe ta, ka zauna a tabarmarta, ka tambaye ta abin da take so.

Allah Ya shirye ka, Ya tsare hannunka daga haƙƙin mutane, Ya yi maka albarka.

Daga yau, duk wanda zai yi aiki a gidan nan, da yardarsa zai zo, da albashinsa, fasfonsa a aljihunsa, kuma a kwano ɗaya za mu ci.

Mahaifiyarka.