Ƙorafin Mai Agogo Kan Tukunyar da Aka Sauya Masa

Daga:
Mai Agogo,
Ɗaki na 14, Hawa na Biyu,
Gidajen Masu Buƙata ta Musamman, Rukuni na Uku.

Alhamis, 13 ga Maris.

Zuwa ga:
Shugabar Sashen Kayan Tallafi,
Ofishin Jin Daɗin Jama'a.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: SAUYA MINI TUKUNYAR DAFA SHINKAFA DA NA ZAƁA RANAR 3 GA FABRAIRU BA TARE DA AN TAMBAYE NI BA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ina neman afuwa kan tsawonta. Na yi ƙoƙarin faɗin wannan magana da baki sau biyu a ofishinki, ba a bar ni na kai ƙarshenta ba.

Ni ne mutumin da ma'aikatanki suka sani da Mai Agogo, mai fayil na 462. Shekarata sittin da bakwai. Shekara arba'in da ɗaya na yi ina gyaran agogo a wani ɗan shago kusa da tashar mota, har ciwon ido ya tashe ni daga aikin shekara uku da suka wuce. Yanzu ina bambance haske da duhu, ina ganin inuwar mutum idan ya gifta tsakanina da taga, iyakarta ke nan. Matata ta rasu bara waccan. 'Ya ɗaya gare ni, tana aure a wani gari, tafiyar awa shida a mota. Ni kaɗai nake zaune a ɗakin da ofishinki ya ba ni. Wannan takarda ni nake faɗa, maƙwabciyata ta ɗaki na 12, malamar makaranta da ta yi ritaya, take rubutawa. Duk wata kalma mai kaifi da ke ciki tawa ce. Malama ta so ta rage, na hana.

Ga abin da ya faru, bi da bi.

1. Ranar Litinin, 3 ga Fabrairu, aka kira ni sitonku domin in zaɓi tukunyar lantarki ta dafa shinkafa, tunda likitanku ya rubuta cewa kada in ƙara girki a kan wuta. Mai kula da siton mace ce mai haƙuri, ina so a san da haka. Ta jera mini tukwane uku a kan tebur, ta ce kada in yi gaggawa. Ban kuwa yi ba. Na shafa kowacce daga murfi har gindi, na ɗaga na ji nauyinta, na zura hannu na auna zurfinta da yatsu.

Ta farko babba ce, ta mutum goma, fuskarta sumul kamar faranti, babu inda yatsa zai tsaya. Ta biyu matsakaiciya ce, amma tururinta yana fita daidai inda hannun mutum yake kamawa wajen buɗe murfi. Ta uku ƙarama ce, ta kofi uku, makunninta ɗaya tak, ɗan ƙarfe ne da ake dannawa ƙasa. Idan shinkafa ta nuna sai ya ɗago da kansa, ya ce ƙas. Na danna shi na ɗaga ya fi sau goma ina saurare. Sifirin ɗinsa, naɗaɗɗiyar wayar da take ɗago shi, mai kyau ne, kuma a kan sifirin babu wanda zai koya mini komai.

Na ce wannan nake so. Mai sito ta tambaye ni ko ba ta yi mini ƙanƙanta ba. Na ce mata kofi ɗaya nake dafawa, in na yi baƙo biyu, kuma ba kullum ake baƙo ba. Ta cike fom, ta karanta mini lambar tukunyar sau biyu, ta ɗora mini rula a kan layi na sa hannu.

2. Ranar Laraba, 19 ga Fabrairu, bayan jiran kwana goma sha shida, direbanku ya kawo kwali. Tun a bakin ƙofa, da na taya shi kamawa na ji nauyin, na ce masa ba ita ba ce. Ya ce shi kawowa aka ce ya yi, ya sauke ya tafi. Na buɗe kwalin domin in tabbatar. Babbar nan ce mai fuskar gilashi. Ina roƙon a lura da wannan buɗewar, domin ita aka riƙe daga baya aka ce laifina ce.

3. Don kada a ce ban gwada ba, na gwada. Malama ta karanta mini littafin tukunyar, shafi ashirin da takwas, har muryarta ta dishe. Wurin dannawa shida ne, duk a ƙarƙashin gilashi ɗaya. Ɗaya daga cikinsu yana zagaya girki iri goma sha ɗaya, wata 'yar fitila ce take nuna inda aka tsaya. Duk inda mutum ya taɓa, kuka ɗaya take yi, tit, ko ya yi daidai ko ya yi kuskure. Malama ta yanka filasta ta manna mini a wuraren. Sai dai gilashin ba ya jiran a danna shi. Yatsana yana cikin laluben filastar, ta riga ta yi tit sau uku. Na ce to, zan riƙa ƙirgawa. Sai na tarar ba daga farko take fara zagayen ba, daga inda aka tsaya jiya take ɗorawa.

Ranar 20 ga wata na zuba shinkafa ƙarfe goma sha biyu. Ƙarfe uku na buɗe, na same ta kwance cikin ruwan sanyi. Ashe na ce mata ta jira awa takwas ban sani ba. Ranar 21 ta caɓe, ta koma kamar abincin jariri. Ranar 22 ta nuna, amma kofi ɗaya bai ko rufe gindin tukunyar mutum goma ba, rabinta ƙanzo. Cikin gwaji tara, sau biyu na ci abincin kirki.

Ranki ya daɗe, tun da tukunyar nan ta shigo ɗakina ban zauna wuri ɗaya ba. Daga gadona zuwa teburin girki taku bakwai ne. Tun hantsi nake zarya, in sa kunne ko ruwa ya fara motsi, in taɓa gefenta ko ta ɗauki zafi, in koma in zauna, in sake tashi. Rediyona ma na daina kunnawa don kada ya hana ni jin kukanta. Ni da na shekara arba'in ina kwance ƙusar da ba ta kai ƙwayar yashi ba, yau ga ni tsaye gaban tukunya ina lallashinta.

4. Ranar Litinin, 24 ga Fabrairu, Malama ta raka ni ofishinki, mota biyu muka hau. An nuna mana jami'in sayayya, wanda aka ce shi ya yi sauyin. Mun jira awa biyu da minti goma. Da muka shiga na fara bayani, sai ya katse ni ya ce wa Malama, “Ai gata aka yi masa. Wannan ta fi waccan nesa ba kusa ba, sauran duk murna suke yi.” Ya ce iri ɗaya aka sayo wa kowa don a huta da rarrabewa. Na ce masa ba na ganin fitilar. Sai ya sake ce wa Malama, “To ke ki riƙa kunna masa mana.”

Ina zaune a gabansa, tebur ne kawai tsakaninmu. Ido ne ba ni da shi, kunnuwana biyu suna nan, bakina ma yana nan. Ko sau ɗaya bai yi magana da ni ba. Kuma Malama ba ma'aikaciyarku ba ce, ba matata ba ce. Tana da ciwon gwiwa, tana zuwa asibiti kowace Talata da Juma'a, tana da nata jikokin da take son zuwa gani. (Ta ce in cire maganar gwiwa. Na ce a bar ta.)

5. Wannan sashen ban so in faɗa ba, amma ba zan ɓoye wa hukuma ba. Ranar Talata, 4 ga Maris, Malama tana asibiti, na gaji da biredi da ruwan shayi, na jawo tsohon rishona daga ƙarƙashin gado. Na san an hana ni. Shinkafa ta dahu lafiya ƙalau. Wajen saukewa hannun rigata ya kama wuta. Ƙauri na fara ji, sannan zafi. Na tsoma hannun cikin bokiti. Na ƙone a wuyan hannun dama, faɗin yatsa huɗu. Asibitin unguwa suka ɗaure mini, su ne kuma suka kira 'yata.

Ta iso washegari da rana. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta wanke kwanuka, ta ɗauki rishon ta kai wa mai gadi, sannan ta zauna bakin gado ta ce, “Baba, na gaji da faɗuwar gaba duk lokacin da wayata ta yi ƙara. Ka zo mu tafi.” Ta ce surukina ya yarda, za a raba falo da labule a sa mini gado.

Yarinyar kirki ce, mijinta ma ba ni da abin faɗa a kansa sai alheri. Amma ɗaki biyu ne da falo, 'ya'ya huɗu, a hawa na biyar. A ɗakina na san inda cokalina yake, na san inda allurata take. A can sai an riƙe mini hannu zuwa banɗaki, sai an riƙa yi wa yara tsawa su kwashe takalma kada kaka ya faɗi. Ina son jikokina su san ni a matsayin mai zuwa da tsaraba, ba kayan da aka ajiye bayan labule ba. Na roƙe ta ta ba ni zuwa ƙarshen wata, ta yarda da ƙyar. Yanzu sau uku take bugowa a rana, tambayarta ɗaya, me na ci. Na fara yi mata ƙarya, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ta.

6. Ranar Talata, 11 ga Maris, na koma ofishinki ni kaɗai da sandata. Jami'in sayayya ba ya nan. Sakatarensa ya gaya mini abu uku: ba a karɓar kayan da aka buɗe kwalinsu, ba a ga fom ɗina a fayil ba, kuma in ina da magana in rubuto. Na lallaba na sauka sito. Mai sito ta tabbatar mini kwafin fom ɗin yana cikin littafinta, kuma ƙananan tukwanen guda biyu suna nan a kan kanta, ba a rubuta wa kowa ba. Amma ba ta da ikon fitar da ko cokali sai da sa hannunki. Ina roƙon kada a ga laifinta don ta gaya mini gaskiya.

7. Ranar Alhamis, 27 ga Maris, jami'an Sashen Duba Gidaje za su zo su tantance ko zan iya ci gaba da zama ni kaɗai. Takardarsu ta ce dole in dafa abinci a gabansu ba tare da an taimake ni ba, in na kasa a duba batun karɓe ɗakin. Da wace tukunya zan dafa? Ofishi ɗaya ne. Wani sashe ya ba ni abin da ba zan iya sarrafawa ba, wani sashen zai zo ya rubuta cewa na kasa. Saura kwana goma sha huɗu.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon abubuwa kamar haka.

Na farko, a karɓi babbar tukunyar, a ba ni wadda na sa hannu a kanta kafin ranar 20 ga Maris, domin in samu mako ɗaya hannuna ya saba da ita. Na biyu, idan hakan ba zai yiwu ba, a ɗage zuwan masu dubawa, kuma a sanar da ni ta waya, ba a takarda ba. Na uku, a aika wani ya ƙwanƙwasa ƙofofin sauran da aka ce suna murna. Mai ɗaki na 5, wadda hannunta yake rawa, albasa take ajiyewa a cikin tata. Ba na neman a hukunta kowa. A dai gaya wa jami'in nan, idan mutum ya zauna a gabansa, ya yi magana da shi.

Ranar Litinin mai zuwa, 17 ga Maris, ƙarfe tara na safe, in Allah ya kai mu, zan zo ofishinki da tukunyar a wanke cikin kwalinta, da kofi ɗaya na shinkafa, da tsumma mai tsabta. Idan har akwai wanda yake ganin gata aka yi mini, a ɗaure masa ido da tsumman ya dafa mana. In ta nuna, zan janye wannan ƙorafi, in nemi gafararsa a gaban jama'a, in kira 'yata ta zo ta ɗauke ni. Malama ta ajiye biro ta tambaye ni ko da gaske nake. Da gaske nake. In kuwa ba ta nuna ba, sa hannunki kawai nake roƙo, kafin a tashi aiki.

Allah ya ƙara girma, ya taya ki riƙon wannan amana.

Naki cikin biyayya da girmamawa,

(sa hannu)
Mai Agogo,
Ɗaki na 14, Fayil na 462.

Kwafi zuwa ga: Shugaban Sashen Duba Gidaje.