Motocin Osage ko Gawarwakinsu

Laraba da dare, Al Warsan

Har yanzu raina bai huce ba. Yau na kai wa editanmu Malam Sabo rubutun da na yi wa shirinmu na tarihi a kan ƙabilar Osage ta Amurka. Kimanin shekara ɗari da suka wuce man fetur ya fito a ƙasarsu suka yi arziki, sai aka dinga kashe su da guba da bindiga don a gaje rabonsu. A wasu gidajen ma da hannun mijin da ya auri 'yarsu.

A tsaye ya karanta. Ya ce, "Malama Rabi, wannan ai zaman makoki ne. Fara da manyan motocinsu, mutanenmu na son labarin attajirai. Sai ki rufe da jami'an tarayya sun kama mugu, khalas, shi ke nan."

Na ce masa, "Malam, abin da jaridun wancan zamanin suka yi ke nan. Suna ƙirga motoci, ana binne mutane ba bincike. Jami'an ma kaɗan suka bankaɗo suka tattara nasu ya nasu suka tafi, sauran jinin har yau ba wanda ya amsa shi."

Dariya ya yi. "Karatu ya yi miki yawa. Ki dai tuna bizarki ta zama a ƙasar nan a hannun kamfani take."

Wato ni zai tsorata da takarda!

Ɗazu na tura masa saƙo: in ya taɓa farkon rubutun, inda na fara da gawarwakin, ya cire sunana, ya nemi wata muryar da za ta karanta shirin. Ya karanta, bai amsa ba. Ni kuma ban goge saƙon ba.