Mun mayar wa Malam tsohon tambarin tasharsu

Assalamu alaikum 'ya'yana na wannan zaure. Ni ban yi boko ba, murya na tura wa admin ta rubuta, ta kuma ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni tsohuwa ce a Rijiyar Lemo, da jikoki goma sha ɗaya. Mijina, Malam, masinja ne a tashar talabijin ta gwamnati mai koyar da karatu, har ya yi ritaya. A zamaninsu tambarin tashar a jikin katako aka zana shi, fitilar ƙwai a kan buɗaɗɗen littafi, kuma shi ne mai ɗora katakon a gaban kyamara kullum da la'asar kafin a buɗe tasha. To aka yi ta canzawa. Aka cire littafin aka bar fitila, aka cire fitilar aka sa ƙwallon duniya, yanzu wasu layuka uku ne masu juyawa, ni ban san me suke nufi ba.

Shekara biyu ke nan tsufa ya taɓa masa kai. Da ya ga layukan nan sai ya miƙe yana neman hularsa, wai wani ya ɗora katakon da ba shi ba, za a kore shi daga aiki. Mun kashe talabijin, ya ce tasha ta mutu a hannunsa, ya fi tayar da hankali. Sau biyu yana ɓacewa. Na biyun a Sabon Gari aka tsinto shi, adaidaita ta buge shi, har yau yana jan ƙafa.

'Yata malamar asibiti ce, ita ta samo tsohon hoton tambarin, wani mai gyaran talabijin ya sa mata a filash, ɗan abin da ake sakawa a jikin talabijin, don mu riƙa kunna wa Malam da la'asar. Ƙanin Malam, wanda limami ne a Kwaciri, ya yi faɗa sosai, ya ce yaudarar mara lafiya ce, a kulle ƙofa kawai a yi ta addu'a. 'Yata ta ce ai shi liman ba ya kwana a gidan. Ni na bi bayanta.

Ranar farko da fitilar ta fito, Malam ya zauna, ya yi hamdala, ya cinye tuwonsa tas. Wata guda bai nufi ƙofa ba.

Amma fitilar ta mayar da shi can baya gaba ɗaya. Yanzu kullum in ta fito sai ya tambayi ɗan farinmu, wanda ciwon sanƙarau ya ɗauke yana ɗan shekara tara, wai a kira shi ya zo, an fara darasi. Ni kuma in ce yana makarantar allo. Kullum sai na faɗa, kullum sai na shiga ɗaki na yi kuka. Shekaranjiya ya dube ni da ladabi ya ce, "Inna, in matata ta dawo ki ce mata yaron nan ya daɗe a waje."

Shekara hamsin da aure, na zama Inna.

In na cire filash zai koma titi, ƙafa ɗaya ce mai lafiya gare shi. In na bari, kullum da la'asar sai na tono ɗana na sake binne shi da ƙarya. Malamai da likitocin da ke cikinku, ku gaya mini, gobe in kunna ko kar in kunna?