Ƙafafun Innata na mutuwa, ni kuma ɗiyar fari ce

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin, ka sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, musamman ku 'yan famasi da kuka riga ni gamawa, domin raina a ɓace yake, kuma ban san wanda zan ɗora wa laifi ba.

Ni ɗaliba ce a aji huɗu na harhaɗa magunguna a Sakkwato, gidanmu yana wani ƙauye kusa da Tozai. Ni ce ɗiyar fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya san gidajenmu ya san me hakan ke nufi. Innata ba ta kiran sunana, ba ta zama inda nake zaune, ba ta yi mini magana kai tsaye. Tun yaye aka miƙa ni ga Gwaggo Hurera, yayar babana, ita ta raine ni. In Inna na son in san wani abu, Gwaggo take gaya wa, ni ma haka. Ban taɓa jin haushin wannan kunya ba sai bana.

Shekara huɗu da suka wuce, shekarar da rijiyoyinmu suka ƙafe muka koma shan ruwan tabki, taifot ya kama Inna har ya huda mata hanji. Aka yi mata tiyata aka yanke ƙarshen ƙaramin hanjin. Ta warke muka gode wa Allah. Na karanta takardar sallamarta a lokacin, na ga kalmar iliyom, ban ma san me ake nufi ba.

A zangon da ya wuce malaminmu ya zo kan yadda hanji ke tsotsar bitamin. Ya ce yawancinsu tun a farkon ƙaramin hanji suke shiga jini, su A da D da E da K kuma sai da maiƙo da ruwan matsarmama suke wucewa. Amma B12 shi daban ne. Sai ya haɗu da wani sinadari da tumbi ke fitarwa, su tafi tare har can ƙarshen ƙaramin hanji, wato iliyom, nan ne ƙofarsa. In an yanke wurin, ko me mutum ya ci wucewa zai yi. Hanta kan riƙe ajiya ta wasu shekaru, in ta ƙare sai jini ya ragu, harshe ya yi ja, ƙafafu su fara dindiris, kuma in aka daɗe ba a yi allura ba jijiyoyin ba sa dawowa. Wallahi ina zaune a ajin nan biro ya faɗi daga hannuna.

Da na zo hutu na iske abin da nake tsoro. Inna ta yi fari fat, tana tafiya tana dafa bango, ta daina cin yaji wai harshenta na zafi. Bana ma ruwa ya ɗauke, geron ya ƙone tun yana tsawon gwiwa, Baba ya kora sauran shanu kudu neman ciyawa, wayarsa ba ta shiga. Gidan yana hannun Gwaggo.

Na zaunar da Gwaggo na yi mata bayani dalla-dalla, har zane na yi mata a ƙasa da tsinke. Na ce a kai Inna babban asibiti a gwada jininta, ni ɗaliba ce, ban isa in rubuta magani ba, amma ina zaton allura za a ɗora ta a kai har ƙarshen rayuwa. Gwaggo ta ce ta gane. Abin da ta ɗauka daga duk maganata shi ne Inna ba ta da jini. Washegari ta sa aka yanka akuya, aka gasa hanta aka kai mata, aka aika kemis a garin Isa aka sayo wannan jan ruwan na ƙarin jini. Na duba kwalbar, abin da ke ciki na B12 bai taka kara ya karya ba ga mai hanji irin nata.

Na koma na ce Gwaggo ba abinci ne ya yi kaɗan ba, hanyar shigarsa ce babu. Nan fa ta hau ni da faɗa. Wai tun kafin a haife ni ake ba mara jini hanta yana tashi, wai boko ya sa ina raina abin da aka yi da zuciya ɗaya cikin wannan fari. Ta ce, "Za ni yanka ta biyu in waccan ba ta ishe ta ba, amma ba a ɗaukar matar mutum a kai Sakkwato mijinta na daji." Kuma ta yanka. Awaki biyar muka shiga rani da su, yanzu saura uku, ɗaya ce mai nono.

Abin da ya fi ci mini rai, Inna ba ta san komai ba. Ba ta taɓa jin bayanin nan ba, abin da Gwaggo ta tace shi ya isa gare ta. Na tabbata da ta ji cewa ƙafafunta ne za ta iya rasawa, da ita da kanta za ta ce a nemo mota, mace ce mai kaifin hankali. Sau biyu ina zuwa ƙofar ɗakinta, tana jin sallamata sai ta ja mayafi ta juya fuska, ni kuma in juya in koma. Na iya tsayawa gaban malamai biyar in kare darasin nan, amma na kasa faɗa wa uwata jimla uku.

Jiya da hantsi Inna ta dawo daga bayan gida inda ake ɗaure awaki, na ga jini yana bin sawunta a tsakar gida. Ƙaya ce ta aduwa ta shige mata diddige, ita ba ta ma sani ba. Ban yi shawara da kowa ba na durƙusa na kama ƙafar na zare. Ba ta ko motsa ba. Ta kalli wajen Gwaggo ta ce, "Ce mata ta bari, ba ciwo."

Ranar Asabar zan koma makaranta. In na shiga ɗakinta na yi magana baki da baki, Gwaggo ta riga ta ce ta cire hannu a kaina, kuma Inna kanta za ta ji kamar na tsiraita ta a gaban gida, wataƙila ma ta ƙi zuwa don kada a ce ɗiyar fari ce ta ja ta. In na yi shiru na jira Baba, ba wanda ya san watan da zai dawo, jijiya kuma ba ta jira.

Ku da kuka san littafin kuma kuka san irin gidajenmu, in shiga ɗakin ko kada in shiga? In kuma na shiga, da wace kalma zan fara, ga matar da shekara ashirin da uku ban taɓa ce wa komai ba sai sallama?