Maɓallan Kaftanin da Ka Bar Mini

Assalamu alaikum, Yaya Sabo.

Bayan gaisuwa irin wadda ƙani ke yi wa wansa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama. Wata goma ke nan da 'yan kwanaki da muka kai ka makwancinka a Gumel.

Jerin finafinan da za su yi takarar kyaututtuka a Ingila ya fito. Ina ofishin malamai a makarantarmu ta Gagarawa na gani a waya, har na nemo lambarka kafin na tuna.

Da kana nan, da ranar Asabar na zo shagonka bayan la'asar. Ka ture yadudduka gefe, mu jingina wayar da keken ɗinki, ka ce in rage sauti tunda ba Turancin kake ji ba. Ni ina bin labari, kai kana bin ɗinki. Kakan ce, "Turawan Ingila ba su iya faɗin abin da ke ransu ba, amma sun iya kafaɗar kwat." Shekara goma sha ɗaya ina yi maka musu. Yanzu da babu mai sa ni tsayar da fim don a duba aljihu, na yarda.

Na kalli uku daga cikin na bana. Na farko na gidan sarauta ne, ado kamar a rufe mutum, kuma shi kowa ke yabo. Na san da ka yi tsaki, ka ce kaya ne suka sa mutane. Na biyu na masunta ne a wani gari mai yawan ruwan sama. Labarin ya taɓa ni, amma rigunansu sababbi ne fil, an dai shafa musu datti. Masunci bai goge gwiwar hannu ba? Ka ɓata ni, Yaya, ban iya kallon fim kamar mutane ba.

Na ukun, wata tsohuwa ce da ke zama ita kaɗai bayan rasuwar ƙanwarta. Kusan babu abin da ke faruwa, sai shayi da shiru, irin nasu. Amma kwat ɗin da take sawa ya yi mata kaɗan a kafaɗa, kuma ba wanda ya ce na marigayiyar ne. Shi na zaɓa. Ba na jin zai ci.

Ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba.

Ka tuna yarjejeniyarmu a kan kyautar da ake ba fim ɗin da ya fi iya sutura, wadda kake cewa ba caca ba ce, horo ne. In zaɓinka ya ci, in wuni a shago ina ɗinka maɓallai. In nawa ya ci, ka ɗinka mini kaftani. Sau biyu kacal na taɓa cin ka.

Bara kana kwance a gida, ƙafafu sun kumbura, ka daina hawa keke. Zaɓina ne ya ci. Da na shigo na ga yadda ka rame, ka tambaye ni, sai na ce naka ne. Na yi maka ƙarya, Yaya. Ka dube ni, ka yi murmushi, ka ce, "To, ka shirya yatsunka." Na fita ina jin na kyauta. Kwana goma sha tara bayan nan ka tafi.

Da Anti Hajara ta fita takaba, ta aiko mini da ƙunshi. Kaftani ne na farar shadda, wadda ta ce ka aiki maƙwabcinku ya sayo a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ɗin makon. Ta ce tun da safe ka ji sakamakon a rediyo, kafin in zo. A zaune ka yanka shi, ka ɗinka da hannu, kana yi kana hutawa. Ta hana ka, ka ce wanda aka ci shi ke ɗinki.

Ka gama komai, har ramukan maɓalli. Maɓallan kuwa, guda biyar, ka ƙulle su a ƙyalle ka sa a aljihu. Ka biya naka horon, ka bar mini na ƙaryata.

Wata shida yana cikin akwati. Kunya ta hana ni taɓa shi, kuma ina tsoron in na ɗinka su, aikinmu na ƙarshe ya ƙare ke nan. Na yi kewarka ƙwarai, ban san yadda zan faɗa ya fi haka ba.

Jiya da na gama kallon tsohuwar nan, na ɗauko allura. Maɓalli na uku ya karkace, na san da ka sa ni na warware. Na bar shi haka. Kaftanin ya yi mini daidai a kafaɗa, ko gwada ni ba ka yi ba.

Ka yafe mini. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya tufatar da kai da tufafin Aljanna, Ya haɗa fuskokinmu a can. Amin.

Ranar Juma'a zan sa shi in zo in gaishe ka.

Ƙaninka da bai iya ɗinki ba,
Nasiru