Bismillar Mai Wuƙa

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Na rubuta sallamar da ƙananan baƙaƙe, don ban sani ba ko dokarka ta kai har kan takarda.

Takardar dakatarwa ta iso ni. Ka sa hannu a matsayin Manaja, ni kuwa zan amsa maka a matsayin wadda ta goye ka. Ban kira ka a waya ba saboda bakina ba shi da birki kwanan nan. A takarda ina iya gogewa in gyara, aikina ke nan a maɗaba'ar Baba tun kana zuwa makaranta da gajeren wando.

Ka rubuta cewa na yi "furuci marar kyau a wurin aiki". Bari in cike maka abin da ka tsallake.

Ka san injin yanka takardarmu. Tsoho ne, mutum biyu yake ci. Mai Wuƙa yana gaba riƙe da hannun ƙarfen da ke sauko da wuƙar, Maman Tagwaye tana baya tana daidaita tarin takarda da tafukanta. Ga ƙugin injinan bugu, ga tarin da ke tare mata gani. Ba ta ganin hannunsa. Abin da take jira shi ne ya cika ƙirji ya ja "Bismillaaah", ta ɗauke hannu, wuƙa ta sauka. Shekara da shekaru haka suke. Ba ma kunnenta ke ji ba, yatsunta ke ji.

Sai ka manna sanarwa a bakin ƙofa: an hana zagi, an hana rantsuwa, an hana ɗaga murya da sunan Allah, mai ambato ya yi a zuci. Dattijon nan bai taɓa saɓa wa mai gida ba a rayuwarsa. Ya yi a zuci. Maman Tagwaye ba ta jin zuci.

Ina ɗakina ina duba wani littafin lissafi na 'yan firamare na ji ihun. Na tarar da ita a zaune a ƙasa ta rungume hannunta na dama kamar jariri, yatsu biyu suna can kan teburin, takardar da za a yanka ta jiƙe. Mai Wuƙa ya sandare. Mai Tawada ya saki salati da ƙarfi, kowa ya kama. Kai kuma ka sauko daga ofis, kafin ka ga jinin, ka ce, "Wane ne ke wannan hayaniya? Ba ku karanta sanarwa ba?"

Nan na ce maka, "Uwarka da sanarwarka."

Na faɗa, ban musa ba. Na kuma san wace ce uwar. Ka dakatar da ni, ba komai, ina da littattafan da na daɗe ina son karantawa ba tare da jan biro a hannu ba. Amma an ce kana shirin sallamar Mai Wuƙa don sakaci. Wannan ne ba zan yi shiru a kai ba. Mutumin nan ba shi da wata sana'a, ba shi da wani gida da ya sani sai wannan, kuma laifinsa ɗaya ne: ya bi maganarka.

Ka gaida yara. Ka huta lafiya, in ka iya.

Yayarka

*

Zuwa ga Babbar Mai Duba Rubutu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ki da girmamawa, Yaya, tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya.

Na karanta wasiƙarki. Abin da ya sami Maman Tagwaye ya dame ni fiye da yadda kike zato, kuma maɗaba'a ta ɗauki nauyin jinyarta gaba ɗaya.

Amma ina roƙon ki tuna abin da ya kawo sanarwar. Ke da kanki kin sha kawo mini ƙara. Mai Tawada zai rantse da Allah sau uku cewa aiki ya kammala, alhali ko farantin bugun bai ɗora a kan inji ba. Masu naɗin takarda suna haɗa sunan Ubangiji da ashar a numfashi ɗaya. Ranar da wata malama ta zo karɓar littattafan makarantarsu da 'yarta a hannu, abin da yarinyar ta ji daga bakin direbanmu ba zan iya rubutawa ba, kuma da "wallahi tallahi" ya fara shi. Ban hana ambaton Allah don na ƙi shi ba. Na hana ne don na gaji da ganin ana share takalmi da shi. Da na ce wane ya yi, wane kada ya yi, da kowa ya ce tasa rantsuwar ce mai tsarki.

Game da Mai Wuƙa, doka ba ta rufe masa ido ba. Wanda ke riƙe da wuƙa shi ke da alhakin leƙawa kafin ya saki.

Duk da haka ba na son korar mutumin da ya yi wa Baba hidima. Matsalata ita ce, an yi manyan abubuwa biyu a rana ɗaya a gaban ma'aikata duka. In na yafe duka biyun, daga ranar babu mai sake jin maganata. Ki zo ki tsaya a gabansu ki janye kalmarki, ni kuma in bar shi a kan aikinsa. In kin ƙi, ba ni da zaɓi.

Ban gaya wa Inna abin da kika ce ba. Ina fata ba sai ta ji ba.

Allah ya huci zuciyarki.

Ƙaninki, Manaja

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Ina lafiya, yatsuna goma cif, na gode da tambaya.

Ka iya shirya magana, wannan kam a wajena ka koya. Gaskiya ne na kawo ƙarar Mai Tawada, kuma har gobe in na kama shi yana rantsuwa a kan ƙarya zan ja kunnensa. Amma na karanta littattafai da yawa a kan teburin nan, na addini da na boko, ban taɓa cin karo da wanda ya ce a hukunta mai gaskiya don kada maƙaryaci ya ji an ware shi ba. Kai ka ƙirƙiro wannan.

Ka kuma ce doka ba ta rufe wa Mai Wuƙa ido ba. Me ya sa ba ka rubuta abin da ya faru kwana ɗaya kafin nan ba? Masu naɗi sun ba ni labari. Ya manta ya ja bismillarsa kamar kullum, ka leƙo ta tagar ofis ka ce masa, "Baba, da kai za a fara karya doka? Yara su yi yaya?" Ya cire hula ya ba ka haƙuri. Washegari duk hankalinsa yana kan bakinsa, yana gadin harshensa kada ya kunyata ka. Mutum ba ya gadin abu biyu lokaci guda.

Kuma kada ka ce mini ba ka san amfanin kiran ba. Da baƙo ne kai da na yi maka uzuri. Wa Baba yake ɗorawa a kan kujera kusa da injin nan, ya ce, "Auta, ja mana," kai kuma ka buɗe ƙaramin bakinka ka ja bismillar har jijiyar wuyanka ta fito, ma'aikata suna dariya? Ka sani. Ka dai hau bene ka manta da ƙasa.

Na je asibiti. Na sami Maman Tagwaye da hannu a naɗe kamar ƙullin kaya. Ka san bakinta. Ta ce, "Yaya, an ce an kore ki saboda ni."

Na ce, "Saboda bakina dai."

Ta ce, "To ai gara ke. Naki abin da ya jawo miki yana nan a jikinki."

Muka yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta harare mu. Can sai ta ce, "Kin san abin da ke ba ni haushi? Na karanta sanarwar nan. Na san an hana. Amma hannun nan bai iya karatu ba." Ta ce in gaya wa Mai Wuƙa ya daina zuwa yana tsayawa a bakin ƙofar ɗakin kamar mai jiran hukunci, ko ya shigo ko ya tafi gida. Kullum yana can. Bai taɓa shiga ba.

Sai zancen Inna, da ka ajiye mini a ƙarshen wasiƙa kamar sanda a bayan ƙofa. Na riga ka. Na je na durƙusa na gaya mata kalma da kalma. Tana gyaran farce, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Wa kika zaga?"

Na ce, "Ke, Inna."

Ta ce, "To shi me ya kawo shi ciki? Ni aka zaga, ni ke da yafewa. Na yafe. Kada ki ƙara."

Na ji daɗi, na fara tashi. Sai ta ce, "Zauna. Dattijon nan Mai Wuƙa, shi ya ɗauki makarar ubanku ta gaba. In abincinsa yana ƙarƙashin harshenki, ki ɗaga harshen ki ba shi. Girman kanki ba ya ciyar da kowa."

Don haka ka tara mutanenka ranar Litinin da safe. Zan zo in faɗi abin da kake so. Ka sani ba don kai ba ne, ba kuma don na yarda zagin da na yi ya kai nauyin abin da aka share daga kan teburin nan ba. A maɗaba'armu yanzu kalma ɗaya ta fi yatsa biyu tsada. Ka sa a buga wannan ma a manna a ƙofa, zan duba maka kurakurai kyauta.

Ka gaida mai ɗakinka, ita ba ruwanta.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa.

Na gode da abin da kika yi ranar Litinin. Na san irin nauyin da ya yi miki. Da kika ce, "Na zagi Manaja a gabanku, na janye a gabanku," ba wanda ya iya kallona, ni ma ban iya kallon kowa ba. Na zaci zan ji sauƙi. Na so in yi miki magana bayan nan, amma kin shige ɗakinki kin rufe ƙofa, tun ranar kuma gaisuwa kawai ke haɗa mu. Shi ya sa na turo wannan ta ƙarƙashin ƙofa.

Na cika alkawari, Mai Wuƙa yana kan aikinsa. Na kuma sa an ɗaura ƙararrawa a jikin injin, wadda zai kaɗa kafin ya saki wuƙa. Kin ji ta ai.

Abin da ba ki gani daga ɗakinki shi ne, yana kaɗa ƙararrawar, ya kama hannun ƙarfen, sai ya tsaya. Ya sake kaɗawa. Ya zagaya baya ya duba, ya dawo, ya sake kaɗawa. Wuƙar ba ta sauka. Cikin masu naɗi kuma babu wanda ya yarda ya tsaya inda Maman Tagwaye take tsayawa. Na yi magana, sun ce in kore su. Littattafan makarantu sun taru har bakin ƙofa ba a yanke ba. In haka ta ci gaba dole in kawo wani, kuma ba na so, bayan duk abin da aka yi don a bar shi.

Yana jin maganarki. Ki same shi a gefe ki ce masa ya ja bismillarsa yadda ya saba, ba zan ce komai ba, zan yi kamar ban ji ba. Sai dai kada ki ce daga wajena ta fito. Ba zan iya cire sanarwar yanzu ba, kin san yadda za a ɗauke ni.

Ki taimake ni, Yaya.

Auta

*

Auta,

Wa alaikas salam.

Na janye tawa da ƙarfi, a gaban kowa. Kai kana son ka janye taka a zuci. Mun ga abin da zuci ke yi a ɗakin nan.

Ban kai saƙonka ba. Ta taga ka rufe masa baki, jama'a suna ji, ba ni zan buɗe shi a bayan ƙofa ba.

Gobe da safe akwai tarin takarda a kan teburin, bayan injin kuma babu kowa. Ka sauko, ka naɗe hannun rigarka, ka tsaya inda ta tsaya, ka ɗora tafukanka a kan takardar. Daga nan ka gaya masa da bakinka abin da kake so ka ji kafin wuƙa ta sauko. In ƙararrawa ce, zai kaɗa maka.

Zan bar ƙofata a buɗe.

Yayarka